Cike-gurbi da Yayansa Mai Gyaran Agogo

Fuskarsa kowa ya santa, sunansa ne dai ba wanda ya taɓa damuwa ya riƙe. In ya shiga motar haya sai ka ga fasinja ya ƙura masa ido yana lalube a ƙwaƙwalwa, can sai ya ce, "Malam, ba kai ne likitan nan ba?" Shi ne. Shi ne kuma maigadin nan, da masinjan kotu, da direban da ke buɗe wa mai kuɗi ƙofa, da mai gidan haya marar mutunci, da gawar da aka lulluɓe a farkon fim. Mutuwa kam ya yi ta ya fi a ƙirga: an harbe shi, an ba shi guba, mota ta take shi, akwai ma wasan da tari ya kashe shi kafin ya gama wasiyya.

Abokan sana'a suna ce masa Cike-gurbi, domin tun yana saurayi duk wanda bai zo ba shi ake turawa ya maye, kuma sunan ya bi shi har furfura. Ba a taɓa rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jikin fosta ba. Wannan bai dame shi ba, ko kuma dai ya daina damunsa da wuri. Abin da ya ci masa rai har ya tsufa guda ɗaya ne: yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya daina yi masa magana, kuma shi ya jawo.

Yaya mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene kusa da tashar mota, da tebur mai gilashi, da kujera, da bencin baƙi wanda in mutum biyu suka zauna dole su san juna. Ubansu ya rasu Cike-gurbi bai gama firamare ba, don haka Yaya ya zama uba tun gemunsa bai fito ba. A kan bencin nan ƙanen ya yi karatunsa, a nan ya ci abinci, a nan ya yi barcin rana. A nan kuma ya koyi kallon mutane, saboda Yaya ba mai yawan hira ba ne.

Yana da i'ina. In ransa a kwance yake sai ya yi doguwar magana ba ka ji komai ba, amma da baƙo ya matsa masa ko aka ja shi da gardama, sai kalma ta maƙale. In ta maƙale yakan ɗaga yatsa ɗaya sama, ya kanne ido kamar yana leƙa cikin agogo, ya ce, "Da-da-dakata," har kalmar ta sauko. Mutanen tasha sun saba, sukan jira shi. Ba mai dariya, domin mutum ne mai kamun kai, kuma agogon kowa ta hannunsa yake bi.

Burin Yaya ƙanensa ya zama akawu, ya zauna a ofis ƙarƙashin fanka. Shi kuwa ƙanen, da ya gama makaranta sai ya liƙe wa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke haya a tsohon ɗakin taro, yana jan labule da ɗaukar kujeru. Ranar da ya faɗa wa Yaya cewa wannan ce sana'ar da ya zaɓa, Yaya ya daɗe yana tsinto wani ɗan ƙarfe da hantsaki bai ɗago ba.

"Za ka ci abinci da ita?"

"Zan ci, Yaya."

"To. Ka-kada ka yi ƙarya a waje, tunda a ciki ita za ka riƙa yi."

Iyakar faɗan ke nan. Da aka ba ƙanen layinsa na farko, wato ya shigo ya ce an yi baƙi ya fita, Yaya ya rufe shago da rana tsaka ya zo ya zauna a kujerar baya. Ya tafa wa wannan layi guda fiye da yadda kowa ya tafa wa jarumin.

Cike-gurbi ba kyau ne da shi ba, ba murya ba, ba tsawo ba. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Yakan zauna a bencin asibiti ko bakin tasha ya wuni, ya dawo da tafiyar wani tsoho, da yadda wata mai sayar da kaya ke ɗaure bakin zani in an taya mata da wulaƙanci, da tarin wani malamin makaranta kafin ya yi ƙarya. A sana'ar ana kiran wannan aro, kuma kowa yana yi. Sai dai aron yana da doka, shugaban ƙungiyar kuwa, wani tsoho mai zafin rai da suke kira Maigida, ya sha nanata masa ita.

"Ka aro daga nesa, wurin wanda ba zai taɓa ganin wasan ba. Kuma ka gauraya. Tafiyar wannan, muryar wancan, hular na uku. Kada ka kuskura ka ɗauko mutum ɗaya sukutum ka ɗora a dandamali. In ka yi haka ka tuɓe shi a kasuwa."

Ya kiyaye dokar shekara da shekaru a kan dandamali. Ya yi sarki, ya yi bara, ya yi tsohuwa ranar da mai yin tsohuwar ta haihu. Sun yi yawo gari gari a bayan mota tare da katako da fitilu, wani wurin a tafa musu, wani wurin a jefe su da ɓawon lemo. A lokacin ya yi aure, Yaya ne kuma ya tsaya masa a kan komai.

Sai talabijin ta zo. An kira ƙungiyarsu ta yi wani shirin barkwanci na mako mako a kan mutanen wata unguwa. Cike-gurbi ba ya cikin waɗanda aka zaɓa, ya dai bi su ne ya riƙe kaya. Ana gab da ɗauka aka ce wanda zai fito a mai gyaran rediyo bai zo ba. Darakta ya waiga, ya ga wanda aka saba gani, ya ce a manna masa gemu. Fitowa ɗaya ce, layi biyu: mace ta kawo rediyo, ya ce ta dawo gobe.

Bai shirya wanda zai ara ba. Aka zaunar da shi bayan tebur, fitilu suka haske masa ido, ga wani jan ƙwan fitila a kan kyamara yana kallonsa, irin abin da bai taɓa gani a dandamali ba. Matar ta ajiye rediyo ta hau shi da masifa kamar yadda aka rubuta mata. Layin ya gudu daga kansa. Cikin neman mafita sai yatsansa ya tashi sama, idonsa ya kanne, bakinsa ya ce, "Da-da-dakata."

Mai ɗaukar hoto ya yi dariya har kyamara ta girgiza, sai da aka sake ɗauka. A karo na biyu Cike-gurbi ya tuna layinsa sarai, amma ya sake ɗaga yatsan. Wannan na biyun shi ne laifin, na farko tsautsayi ne. Ya ƙara da yadda Yaya ke hura ƙarfe kafin ya mayar, da yadda yake jan kujera da ƙafa, da yadda yake kallon mai gardama ta saman tabarau. Bai gauraya da kowa ba. Maigida yana tsaye a bayan fitilu, shi kaɗai ne bai yi dariya ba a ɗakin.

"Wannan na san shagonsa," in ji shi da suka fito.

"Haba Maigida, ai wannan rediyo yake gyarawa."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya wuce abinsa.

Fitowa ɗaya ta koma shekaru. Aka raɗa wa mai gyaran rediyon suna Baba Dakata, marubuta suka riƙa ƙara masa layi, har ya zamana in bai fito a mako ba mutane sai su ce shirin bai yi daɗi ba. A karo na farko a rayuwarsa Cike-gurbi ya ga ana tsayar da mota don a gaishe shi. Ya sayi babur, ya koma gida mai famfo a ciki. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Bai mai da Baba Dakata wawa ba, ya yi shi mutum mai zuciya da gaskiya wanda harshe ke ci wa amana, shi ya sa ma dariyar take da daɗi. Da wannan yake lallashin kansa duk lokacin da abin ya taso masa.

Amma mutanen tasha ba makafi ba ne. Cikin 'yan makonni kowa ya gane. Masu jiran Yaya ya gama kalmarsa a da, yanzu jira suke ya fara. Wani zai kawo agogo lafiyayye don kawai ya ja shi da gardama, abokansa na laɓe a gefen matakala. 'Yan makaranta in sun taso sukan jeru a gaban gilashin, kowa da yatsa a sama. Har masu mutunci, waɗanda ba da mugunta suke yi ba, sai su ce, "Baba Dakata, ina kwana," suna ganin sun girmama shi da suna na talabijin.

Cike-gurbi ya ji labari, ya share, sai da ya ga ba dama sannan ya je shagon da leda cike da tsaraba. Ya zauna a bencinsa na da. Yaya ya amsa gaisuwa da ka. Ƙanen ya yi ta zuba, ya ce wasa ne, ya ce mutane ƙauna ce ta sa suke yi, ya ce ai ko shugabanni ana kwaikwayonsu. Yaya ya cire madubin aiki daga idonsa, ya ajiye, ya juyo. Ga alama ya daɗe yana tanadin abin da zai faɗa. Ya buɗe baki, kalmar farko ta maƙale, yatsan ya fara tashi.

Wani mai tura kura da ke wucewa ya hango su biyun tare, ya ƙyalƙyale da dariya ya kira abokinsa ya zo ya ga na gaske da na bogi.

Yaya ya dubi yatsansa kamar ba nasa ba. Ya sauke shi a hankali, ya mayar da madubin ido, ya ci gaba da aiki. Abin da ya yi niyyar faɗa a ranar, ƙanensa bai taɓa ji ba.

Daga nan Yaya ya daina magana a shago. Ya koma nuni da hannu da gyaɗa kai, kuma abin mamaki aikin bai ragu ba. A gida yana hira da matarsa da 'ya'yansa, ƙasa ƙasa, amma da ya ji sallamar ƙanensa sai ya yi gum. Ba ya korarsa. Zai nuna masa kujera, ya sa a kawo masa shayi, ya zauna tare da shi har ya gaji ya tafi. Matar Yaya, wadda a da ba ta gajiya da tsokanar ƙanen mijin nata, ita ta raka shi ƙofa wata rana ta faɗa masa.

"Ba gaba yake da kai ba, mijina. Tsoronka yake ji."

"Tsorona? Ni?"

"Ya ce idonka ba kallo yake yi ba, ɗiba yake. Ya ce duk abin da ya yi a gabanka, sai ya gan shi a akwatin talabijin ran Asabar."

Mai hankali a nan zai ajiye gemun. Cike-gurbi ya yi niyya, ya ma je har ofishin furodusa. Furodusa ya saurare shi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce a bari a gama wannan zangon. Da zangon ya ƙare aka ce a bari a gama na gaba. Ba a ɗaure shi da igiya ba. Gaskiyar magana ita ce mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana shigowa ya ce an yi baƙi ya fita, ya ɗanɗani dariyar ƙasa guda, kuma ya kasa tofarwa.

Sai 'yar'uwarsu ta rasu, wadda ke tsakaninsu. A wurin zaman makoki Cike-gurbi yana gefe yana kuka na gaskiya, domin yana sonta. Yaya kuwa bai yi kuka ba. Ya dai cire tabarau ya riƙa goge shi da bakin riga, ya ɗaga ya duba, ya sake gogewa, gilashin da babu ko ɗigo a kansa, ya yi ta yi har mutane suka watse. Ƙanen yana hawaye, amma idon nan nasa yana aiki.

Bayan wata biyu marubuta suka kawo labarin da kyanwar Baba Dakata ta mutu. Darakta ya ce yana son mutane su yi dariya su kuma ji tausayi. Cike-gurbi ya cire tabarau, ya kama bakin riga. An ce ba a taɓa yin fitowa mai kyau kamarta a shirin ba, har jarida ta yaba. A gidan Yaya kuwa 'ya'yansa ne ke kallo, suka juyo suna duban ubansu. Ya tashi ya zare wayar talabijin daga bango, ya naɗe ta, kuma ba a sake kunna ta a gidan ba muddin yana kan ƙafafunsa.

Bayan wannan ko shayin ba ya zama a sha tare. In ƙanen ya zo, Yaya zai ba shi hannu, ya nuna masa kujera, ya shige ɗaki.

Shirin ya mutu kamar yadda shirye-shirye ke mutuwa, aka canza shugaban gidan talabijin, sabon ya ce yana son abin zamani. Cike-gurbi ya koma inda ya fito. Fim ya shigo, yaran daraktoci masu hular baya suka riƙa kiransa, domin ba ya makara, ba ya manta layi, ba ya neman a kawo masa lema. A nan ya yi likitocinsa da masu gadinsa. Ya yi wasu fitowa da ya kamata a tuna, musamman wani tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi a fim ɗin da bai yi kasuwa ba, wanda ya haɗa daga mutum huɗu kamar yadda Maigida ya koya masa. Ba wanda ya kula. Duk inda ya je, ko a jana'iza ne, sai wani ya ɗaga masa yatsa yana murmushi. An taɓa ba shi lambar yabo ta gilashi a wani taro, aka kira shi da Baba Dakata a lasifika, aka nemi ya ɗan taɓa wa jama'a. Ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Ba za a ce bai nemi gafara ba. Ya nema, ba sau ɗaya ba. Matsalar ita ce ya roƙi gafara a gaban kyamara sau da yawa, ya durƙusa wa iyayen ƙarya da matan ƙarya, ya san inda ake sassauta murya da inda ake barin hawaye ya gangaro. Duk ranar da ya tsaya a ƙofar ɗakin Yaya ya fara, sai ya ji kansa yana yi da kyau. Yaya ma yana ji. Cike-gurbi ya taɓa tura Maigida kafin tsohon ya rasu, ya tura matarsa, ya tura abokan Yaya na tasha. Amsar da suke dawowa da ita ɗaya ce, wai Yaya ya ce ba komai. Amma bakinsa bai buɗe ba.

Haka suka tsufa, gari ɗaya, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba. 'Ya'yan Cike-gurbi suka watse neman abinci, matarsa ta riga shi gidan gaskiya, ya rage shi kaɗai a gida mai famfo da akwatin gemuna. Yana yawan bi ta tasha ya tsaya a tsallaken titi inda ba za a gan shi ba. Mutane sun koma duba lokaci a waya, amma Yaya yana nan a lungunsa, ya ranƙwafa a kan agogon wani tsoho irinsa. Ƙanen yana kewarsa ƙwarai, irin kewar da ba ta da wurin kai ƙara.

Wata rana da hantsi ana ɗaukar fim a wani gidan haya, an kwantar da shi a gado zai yi uban da ke jinya, sai aka ce ana sallama da shi. Auta ce, ƙaramar 'yar Yaya, wadda yanzu ita ma uwa ce. Ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baffa, Baba ya faɗi a shago, sati biyu ke nan. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. An sallamo mu daga asibiti."

"Sati biyu, ba wanda ya faɗa mini?"

"Umma ta ce kada a tayar masa da hankali. Amma mun rasa yadda za mu yi. Yana ta nuni da hannun hagu, ba ma ganewa. Mu kawo ruwa ya ture, mu gyara filo ya yi fushi. Jiya har hawaye ya yi don takaici." Ta sunkuyar da kai. "Umma ce ta ce a kira ka. Ta ce duk duniya ba wanda ya haddace shi kamar kai."

Ya tashi daga gadon ƙarya da hodar rashin lafiya a fuskarsa ya bi ta.

Yaya yana kwance a ɗakinsa, ya rame, baki ya karkace. Da ya ga wanda ya shigo ya kawar da kai bango. Hannun hagun yana kan zanin gado, babban yatsa yana murza na kusa da shi. Auta ta ce tun safe yake haka, sun ɗauka magani yake so.

"Ƙyallen goge tabarau yake nema," in ji Cike-gurbi. "Gilashin ya yi masa hazo."

Aka goge tabarau aka mayar masa. Hannun ya kwanta.

Daga ranar kullum da safe yana gidan. In Yaya ya ƙwanƙwasa farce a katakon gado, ƙofa ce aka bari a buɗe iska na damunsa. In ya shafi gefen hanci, haske ya yi yawa. In ya juya tafin hannu sama ya karkaɗa, yana tambayar wa ya zo a tsakar gida. Duk abubuwan da yaro ya gani daga benci ne, wasunsu ma ya sayar wa duniya. Ya daina karɓar aiki. Shi ke tayar da Yaya zaune, shi ke yi masa aski, shi ke ba shi shayi da cokali. A hankali Yaya ya daina juya kai bango, har ya zamana in ƙanen ya makara idonsa na kan ƙofa. Matar Yaya ta dawo da tsokanarta, tana cewa ga shi an samu nas mai gemu. Cike-gurbi ya fara sa rai, ya ji a zuciyarsa cewa abin da baki ya kasa, hidima ta yi.

Wata la'asar, bayan ya gama yanke masa farce, ya ga lokaci ya yi. Auta da uwarta suna zaune a bakin ƙofa suna ninke wanki. Bai shirya kalma ba, bai durƙusa ba, muryarsa ma ta fito a shaƙe ba daɗin ji.

"Yaya, na cuce ka. Na sani tun ranar farko, kuma na ci gaba don ina jin daɗi. Na ranar makokin 'yar'uwarmu ma, da sanina na ɗauka. Ka yafe mini."

Yaya ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Sannan hannun hagun ya taso da ƙyar ya kamo hannun ƙanensa. Ya riƙe shi, ya jujjuya, ya duba ciki da baya, ya ɗan matsa da babban yatsa. Ya daɗe yana dubawa, ba gaggawa. Daga nan ya kife hannun a kan zanin gado, ya sa yatsu biyu ya tura masa abinsa a hankali.

Auta ta saki rigar da take ninkewa, hawaye ya zubo mata. "Alhamdu lillahi. Umma, kin gani? Ya kama hannunsa. Ya yafe, ko Baffa?"

Su ba su taɓa zama a shago ba. Shi ya zauna. Haka Yaya yake yi in an kawo masa agogon da ya buɗe, ya gwada duk dabararsa, ya ga ba zai tashi ba. Ba ya faɗa da baki, ba ya ɓata rai, ba ya karɓar komai. Zai kife shi a kan gilashi, ya tura wa mai shi da yatsu biyu.

Gyaɗa kai kawai ake nema a wurin Cike-gurbi, kuma a duk sana'ar ba wanda ya fi shi iya gyaɗa kai. Da ya yi, Auta za ta share hawaye, gida ya yi daɗi, a ba jikoki labarin yadda tsofaffin suka shirya. Mai ƙaryata shi ba shi da bakin yi. Ya ɗago ya ga idon Yaya a kansa, yana jira ya ga me za a sake faɗa da sunansa.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Ba haka ya ce ba."

"To me ya ce?"

"Ya ce ya duba iya dubawa. Ba ta gyaruwa."

Matar Yaya ta rufe baki da gefen mayafi. Yaya ya lumshe ido, ya saki dogon numfashi, hannunsa ya kwanta lafiya a kan gado. An faɗi maganarsa daidai.

Cike-gurbi ya tattara farcen da ya yanke a tafin hannunsa, ya fita ya zubar, ya wanke hannu a bakin famfo, ya daɗe a tsaye a wurin. Washegari da safe ya dawo kamar kullum, domin har yanzu ba mai jin Yaya sai shi.